Koyon Iyon Rarrafe: A Cikin Ruwa Natsuwa Ta Fi Ƙarfi Amfani

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A yawancin garuruwanmu akwai kogi, ko dam, ko kududdufi, kuma da zarar damina ta sauka yara ba su da wurin wasan da ya fi musu shi. Amma in muka duba da kyau, da yawa daga cikin masu cewa sun iya iyo, abin da suka iya shi ne facal-facal na 'yan mitoci, sa'an nan su tsaya suna haki. Irin wannan iyawa ba ta fid da mutum ranar da kwalekwale ya kife da shi nesa da gaɓa.

A wannan fitowa muna so mu bayyana yadda sabon shiga, yaro ko babba, zai koyi iyon rarrafe ba tare da ya galabaita ba. Maganar guda ɗaya ce: mai koyo yakan gaji ne domin yana kokawa da ruwa. In ya koyi numfashi da kwanciya bisa ruwa tukuna, aikin hannu da ƙafa zai zo masa da sauƙi.

Me ya sa muke wannan magana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 ruwa ya ci mutane wajen 300,000 a duniya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan mutane a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce abin ya fi shafa. A shekarar 2021 ɗin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatar da jama'a a kan hana nutsewa a ruwa.

Mu ma abin ya sha taɓa mu. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara. Iyo kaɗai ba ya hana irin wannan hatsari, gama akwai maganar lodi fiye da kima da rashin rigar ceto. Amma wanda zai iya kwantar da hankalinsa, ya yi numfashi, ya tafi mita 25 ko 50 a hankali, yana da damar tsira da wanda bai iya ba ba shi da ita.

Mene ne iyon rarrafe?

Shi ne iyon da mutum kan kwanta rub da ciki, fuskarsa a cikin ruwa, hannaye suna zagayowa ɗaya bayan ɗaya ta saman ruwa, ƙafafu kuma suna kaɗawa sama da ƙasa. Sunan da Turawa suka ba shi yana nufin rarrafe, shi ya sa mu ma muka kira shi haka.

Mutanen bakin ruwa a sassa daban-daban na duniya sun daɗe suna yin irinsa. A shekarar 1844 waɗansu 'yan asalin Amurka su biyu sun nuna shi a Landan, amma Turawan Ingila suka raina shi domin yawan fantsama ruwa. Sai wajen shekarar 1900 ya sami karɓuwa a Ostireliya, inda wani saurayi daga Tsibiran Solomon mai suna Alick Wickham yana cikin waɗanda suka sa aka san shi. A 1922 Johnny Weissmuller na Amurka ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 a ƙasa da minti ɗaya. A 1926 kuma Gertrude Ederle, 'yar shekara 20, ta haye tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da wannan iyo cikin kimanin sa'o'i 14 da rabi. Labarin Ederle ya fi shafarmu, domin ya nuna cewa iyon da ya fi kowanne sauri yana kuma kai mutum nesa, muddin an yi shi cikin natsuwa.

Abubuwa uku da ke gajiyar da sabon shiga

Na farko, riƙe numfashi. Mai koyo yakan cika ƙirjinsa da iska ya riƙe ta gam. Da ya ɗago sai ya so ya fitar da tsohuwar iska ya kuma shaƙi sabuwa a ɗan lokacin da bai isa ba. Abin da ke sa mutum ya ji kamar zai shiɗe, yawanci taruwar iskar kabon ce a jini, watau iskar da jiki ya gama aiki da ita yake so ya fitar. Maganinta shi ne a riƙa fitar da iska tun fuska tana cikin ruwa.

Na biyu, ɗaga kai. Jikin mutum a ruwa kamar sikeli yake. Huhu cike da iska yana ɗaga ƙirji, ƙafafu kuwa ƙashi ne da tsoka, suna son nutsewa. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5. Duk lokacin da aka fitar da wannan nauyi sama da ruwa, sai ƙugu da ƙafafu su yi ƙasa.

Na uku, gaggawa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Wanda ƙafafunsa suka nutse kamar mai tura ƙyauren ƙofa ne ta faɗinsa a cikin ruwa. In ya ƙara saurin hannu da ƙafa, ruwa ya ƙara tare shi, numfashinsa kuma ya ƙare da wuri.

Wani mai koyar da iyo a Amurka, Terry Laughlin, wanda ya kafa tsarin Total Immersion a 1989, ya gina koyarwarsa a kan wannan. Tsarin nasa yana fara koya wa mutum daidaituwa a ruwa, sa'an nan miƙewar jiki domin ya ratsa ruwa da sauƙi, a ƙarshe tura ruwa. Matakan da ke ƙasa sun bi wannan jeri.

Kafin a shiga ruwa

1. Kada kowa ya koyi iyo shi kaɗai. A sami babba wanda ya iya iyo sosai, wanda ba shi da wani aiki a lokacin sai kallon masu koyo. Ya riƙe doguwar sanda, da igiya ɗaure da jarka marar komai a ciki, an toshe bakinta.

2. A zaɓi ruwa marar gudu, wanda zurfinsa ya tsaya tsakanin ƙugu da ƙirjin mai koyo. Babba ya fara taka wurin duka ya tabbatar babu rami, ko taɓo mai riƙe ƙafa, ko kwalabe. A kafa sanduna da igiya a nuna iyaka. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ko aka fasa dutse yakan zurfafa farat ɗaya, a guje shi.

3. A tuna da tsargiya. Ƙwayoyin wannan cuta suna fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a tafkuna da dam-dam da magudanan noman rani, suna shiga jiki ta fata. Wurin iyo da aka gina ake kuma zuba masa maganin kulorin shi ya fi aminci. Inda babu shi, a tambayi ma'aikacin lafiya halin da ruwan yankin yake ciki. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa. Fitsarin jini a wurin yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai maganinsa mai suna praziquantel a asibiti.

4. A sa tufafi marasa nauyi waɗanda suka kama jiki. Zane da babbar riga suna shan ruwa su naɗe ƙafafu. 'Yan mata za su iya sa riga da dogon wando, mata 'yan'uwansu su koya musu a lokacin da aka keɓe musu.

5. Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tukuna. Wanda ya sha giya ko ƙwaya kada ya kusanci ruwa.

Mataki na ɗaya: numfashi

Ana iya fara wannan a gida da baho cike da ruwa mai tsabta. Ku shaƙi iska ta baki kamar yadda kuka saba, ba sai kun cika ƙirji ba. Ku sa fuska a ruwa, ku fitar da iskar a hankali ta hanci da baki har ku ji ruwa yana ɓul-ɓul. In ruwa yana shiga hanci, ku yi ɗan guɗa a maƙogwaro, “mmm”, baki a rufe. Iskar da ke fita ta hanci ita za ta tare ruwan.

Sa'an nan a wurin koyo, ku tsaya a ruwa iya ƙirji, ku durƙusa har kai ya nutse kuna fitar da iska, ku miƙe ku shaƙa, ku sake komawa. Ku yi sau 10 a jere ba hutu. In kun gama kuna iya magana ba haki, kun ci wannan mataki. In ba haka ba, ku tsaya a nan ko da zai ɗauki kwana uku. Duk abin da zai biyo baya a kansa yake zaune.

Gargaɗi: a hana yara gasar wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, musamman in suna yin numfashi da sauri-sauri kafin su nutse. Mutum yana iya suma a ƙasan ruwa ba tare da ya ji wata alama ba.

Mataki na biyu: kwanciya bisa ruwa

Wanda ya taɓa ganin masunta a bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda suke kwanciya bisa babban gora, ruwa yana ɗauke da su. Kowannenmu yana da irin wannan gora a ƙirjinsa, watau huhu. Abin da za a koya shi ne jingina a kansa.

Ku shaƙi iska, ku miƙa hannaye gaba, ku kwanta rub da ciki, ido yana kallon ƙasan ruwa tsaye, ba gaba ba. Ku saki wuya. Ku ɗan danna ƙirji cikin ruwa kamar mai gangara tudu. Za ku ji ƙugu ya taso da kansa. Alamar an yi daidai ita ce ƙeya da kafaɗu da ƙugu duk suna kusa da saman ruwa. Maza masu tsoka da ƙarancin kitse ƙafafunsu za su ɗan yi ƙasa duk da haka, wannan ba laifi ba ne, ɗan kaɗa ƙafa zai gyara.

A nan ne ake koyon tashi tsaye: a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, a danna ruwa ƙasa da hannaye biyu, a sa ƙafafu a ƙasa, sai daga baya a ɗaga kai. Mutane sun nutse a ruwan da bai kai tsayinsu ba domin ba su san wannan ba.

Ku kuma koyi kwanciya rigingine, kunnuwa a cikin ruwa, ido a sama, hannaye a buɗe. Wannan ita ce tabarmar hutun mai iyo. Duk sa'ad da numfashi ya ruɗe a tsakiyar ruwa, sai a juya rigingine a huta, sa'an nan a ci gaba.

Mataki na uku: ƙafafu

Sabon shiga yakan ɗauka ƙafafu ne injin iyo. A iyon natsuwa babban aikinsu shi ne su riƙe jiki a miƙe. Tsokar cinya babba ce, tana cin iska da yawa, shi ya sa mai dukan ruwa da ƙarfi yake fara haki tun bai je ko'ina ba.

Motsin ya taso daga ƙugu. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan kawai, idon sawu a sake, yatsun ƙafa suna nuna baya. Tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa kada ta wuce bakin bokiti. Kada ku yi kamar mai tuƙa keke, gama gwiwar da ta shigo gaba birki ce. Ku tura ƙasa da ƙafa, ku zame a miƙe da hannaye a gaba, ku kaɗa a hankali mita biyar, ku tashi. Diddige ya riƙa ɗan taɓa saman ruwa ba tare da fantsama mai yawa ba.

Mataki na huɗu: juyawa gefe domin shan iska

A nan yawancin masu koyo suke karaya, saboda haka a ba shi lokaci. A iyon rarrafe ba a ɗaga kai a sha iska. Jiki ne gaba ɗaya yake ɗan mirginawa gefe, kai kuma ya bi shi.

Ku fara a tsaye. Ku sunkuya, hannun hagu a miƙe gaba bisa ruwa, hannun dama a jikin cinya, fuska a ruwa kuna fitar da iska. Ku juya kafaɗar dama sama, haɓa ta bi ta, har baki ya fito. Kunnen hagu ya zauna a ruwa kusa da damtsen hannun da ke gaba, ido ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ku shaƙa da sauri ta baki, ku mayar da fuska. Ku yi sau 10, ku sauya gefe.

Bayan haka ku yi shi kuna tafiya da ƙafafu. Da farko ku mirgina sosai har ku kusan kwanciya rigingine, ku yi numfashi biyu ko uku, sa'an nan ku koma. Kullum ku riƙa rage mirginawar. In jiki ya fara tafiya, kai yana tsaga ruwa ya bar ɗan kwari kusa da kumatu, a nan baki yake samun iska ba tare da an ɗaga kai ba. Ɗan ruwa zai riƙa shiga baki, ku furzar da shi tare da iska. Gwanaye ma haka suke yi.

Mataki na biyar: hannaye

Hannu ya shiga ruwa da yatsu, a gaban kafaɗarsa, kada ya ƙetare zuwa gaban ɗaya kafaɗar. Ya miƙe gaba a ƙarƙashin ruwa kamar mai son ɗauko abu a can ƙarshen tebur. Wannan miƙewa ita ke sa jiki ya mirgina.

Sai yatsu su nuna ƙasa, gwiwar hannu ta tsaya sama da su, kamar mai ɗora hannu ya rungumi duro da ke kwance. Tafin hannu da sangalin hannu su tura ruwa baya har cinya. Ku lura, baya ake tura ruwa. In aka danna shi ƙasa, kai ne zai tashi, ƙafafu su nutse.

Daga cinya, gwiwar hannu ce ke fara fita, hannu ya biyo ta a sake, yana wucewa daf da saman ruwa. Wannan lokacin hutun hannu ne. Hannun da ke gaba kuma ya yi haƙuri, kada ya fara ja sai ɗan'uwansa ya wuce kai. Ta haka kullum akwai hannu ɗaya a gaba wanda jiki yake jingina a kansa, musamman lokacin shan iska.

Haɗa su wuri ɗaya

Ku fara da jan hannu huɗu ba shan iska, kuna fitar da ita a hankali, ku tashi. Sa'an nan shida, da shan iska sau ɗaya a tsakiya. Ku riƙa ƙarawa. Sabon shiga ya sha iska a kowane jan hannu na biyu, watau gefe ɗaya kullum. Daga baya ya koyi ɗaya gefen, domin wata rana iska tana iya kaɗo ruwa ta gefen da ya saba.

Minti 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a mako sun fi sa'o'i uku a rana ɗaya amfani. A kowace tafiya ku sa hankali a kan abu ɗaya tak. Domin auna ci gaba, ku ƙirga jan hannu nawa ya kai ku daga wannan sanda zuwa waccan. In adadin yana raguwa kuma ba ku haki, kuna kan hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga matsalolin da aka fi gani da abin da ya kamata a duba:

Haki bayan mita 10: ba a fitar da iska a cikin ruwa, ko ana dukan ruwa da ƙafa da ƙarfi.

Ƙafafu suna nutsewa: ido yana kallon gaba, ko ana ɗaga kai wajen shan iska.

Ana haɗiyar ruwa: hannun gaba ya faɗi da wuri, ko jiki bai mirgina ba.

Tafiya a karkace: hannu yana ƙetare tsakiyar jiki.

Ciwon wuya ko kafaɗa: an ƙame jiki. A koma mataki na biyu.

Darasi daga Bangaladash

Kada rashin wurin iyo na zamani ya karya mana gwiwa. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ke cin yara da yawa, shirin SwimSafe yana koya wa yaran ƙauye iyo a tafkunan gari. Ana kafa dandali da shinge na sandunan gora a cikin tafki domin a sami wuri marar zurfi, ana kuma horar da matasan garin, maza da mata, su zama malamai. Yaro ya gama ne in ya iya tafiya mita 25, ya tsaya a ruwa mai zurfi kansa a sama na daƙiƙa 30, ya kuma iya ceton wani daga gaɓa. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna nutsewa ta ragu ƙwarai a cikin yaran da suka shiga shirin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a koya wa yara irin wannan daga shekara 6 zuwa sama. Waɗanda ba su kai ba, abin da ke tsare su shi ne idon babba, da rufe rijiyoyi da randuna.

Inda iyo ya tsaya

Iya iyo ba izinin shiga kowane ruwa ba ne. Ruwan ambaliya mai gudu wanda bai fi santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Gwanin iyo ma ya sa rigar ceto in zai shiga jirgi. Mai nutsewa kuma sau da yawa ba ya iya ihu, yana iya ɓacewa a ƙasa da minti ɗaya. In kun ga wani yana nutsewa, ku yi kururuwa, ku miƙa masa sanda kuna kwance a gaɓa, ko ku jefa masa jarka da igiya. Kada sabon shiga ya faɗa ruwa domin ceto, gama mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya kusance shi. In an fito da mutum ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a daddanna tsakiyar ƙirjinsa, a aika neman ma'aikacin lafiya. Kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko juya shi kai ƙasa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

1. Waɗanne wurare ne a yankinmu ruwa ya taɓa cin mutum, kuma a wane lokaci na shekara?

2. Yara nawa ne a makarantarmu za su iya tafiya mita 25 ba tsayawa? 'Yan mata nawa ne a cikinsu?

3. Su wa muke da su cikin masunta da matuƙan jirgi da matasa waɗanda za su iya koyarwa, kuma wa zai horar da su a kan ceto?

4. Ina ne wurin da ya fi aminci da za mu keɓe domin koyo kafin damina mai zuwa, kuma me ma'aikacin lafiya ya ce game da ruwansa?